Baba Tsoho da Taron Shamuwa a Tafkin Kalmalo

Ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe ne abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin da hannuna na rubuta shi a littafin da nake rubuta tsuntsaye, a bakin tafkin Kalmalo, shekara biyu da suka wuce, a farkon kaka. A ƙarƙashin lokacin na rubuta: "Shamuwa sun taru." Ba su taru ba. Saboda wannan layin ne, ranar da aka kai mahaifin mahaifiyata makwancinsa, wanda mu jikoki muke kira Baba Tsoho, aka yi dariya a zaman makokinsa.

Ba dariyar mugunta ba ce. Na ɗauko ruwa zan miƙa bakin zaure sai na ji dattawa a kan tabarmi suna tuna shi.

"Allah shi jiƙan Malam," in ji wani tsohon masunci, amininsa tun ƙuruciya. "Shekara da shekaru shina hwaɗa muna ranar da ruwa za shi ɗauke, bai taɓa kuskure ba."

"Sai sau guda!" wani ya amsa daga can gefe.

"Awo, sai sau guda. Shekarar nan tumakina sunka ci baƙar harawa. Har yau in na shiga garke harara ta suka yi."

Aka kwashe da dariya, sannan aka koma "Allah shi gahwarta mashi, Allah shi sa ya huta." A cikin gida kuma wata Bafulatana da ta saba kawo mana nono ta zauna kusa da Inna, matarsa, tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa yanzu wa zai gaya musu lokacin da za su sauko da shanu. Wata maƙwabciya ta ce ita ba za ta manta da yadda yake yi wa shamuwa sallama ba, kamar mai gaishe da surukai. Kawuna, babban ɗansa, yana ta kai da kawo da buhun gero na sadaka.

Ni kuwa na tsaya riƙe da kofuna. Kuskuren da ake yi masa dariya a kai nawa ne, kuma na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba.

Bari in bayyana aikinsa, domin wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce wane irin aiki ne kallon tsuntsu. Shamuwa tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu. Tana zuwa da ruwan farko, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe. In damina ta zo ƙarshe, sai duk shamuwan garuruwan kewaye, daga Amarawa har Gidan Katta har ƙetaren iyaka, su haɗu da safiya guda a bakin tafki. Su tsaya tsaye kamar masu jiran a ta da salla. In rana ta yi ɗumi su tashi, su yi ta kewaya sama, su nufi kudu. Baba Tsoho yakan ce daga ranar ruwa ya yi bankwana. To a ranar ne manoma suke sa lauje a wake su yi harawa, su baza gyaɗa. Wanda ya yanka da wuri, ruwa ya doki harawarsa, ta yi baƙi ta ruɓe, dabbobinsa su sha wuya duk rani. Wanda ya makara kuma, ganyen ya kakkaɓe. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa shi. Amma kowace kaka, idon gari a kansa yake.

Ni a Illela aka haife ni, a gidan 'yan kasuwa. Gidanmu kowa da ƙarfi yake magana, daga farashin albasa sai labarin iyaka, an buɗe ko an rufe. Ni kuma in baƙo ya yi sallama sai in shige bayan ƙofa da littafina. Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni hutu Kalmalo. Washegari da safe ya same ni a lungu ina karatu.

"Amarya," haka yake kirana, wasan kaka da jika, "aje takardar nan. Taho in nuna maki karatun da ka tashi sama."

Ban taɓa ganin abu irin na wannan safiyar ba. Ruwa ya cika har ya shiga gonakin gefe, masunta suna kwance a kan gorunansu suna shawagi, ga tsuntsaye ko'ina. Shi kuwa ya rikiɗe ya koma yaro. Yana nuna wannan da sanda, kafin in duba ya nuna wancan. Zalɓe da ke tsaye shi kaɗai da wuya a lanƙwashe, ya ce wannan alƙali ne, yana jiran kifi ya kawo ƙara. Balbelu farare a jere kan reshe, ya ce alhazai ne sun dawo ba tsaraba. Da garken kirinjijiya ya taso daga arewa yana fito, sai ya ɗaga hannu biyu.

"Ga 'yan Ƙwanni nan sun ƙetaro! Ba takarda, ba hatimi, ko kwastan bai ce masu kanzil ba!"

Ya sa yatsa a baki ya yi irin fitonsu. Wallahi sai da garken ya karkato ya kewaye mu sau ɗaya. Na yi dariya da ƙarfi har na toshe bakina, domin ban saba jin muryata a fili ba.

Daga nan duk hutu ina Kalmalo. Na sami littafi mai layi na shiga rubutawa: rana, lokaci, wane tsuntsu, guda nawa, ta ina ya zo. Yakan yi mini tsiya, wai amaryarsa ta zama magatakardan dinya, agwagwar ruwa. Amma in na karanta masa abin da muka gani bara a rana irin ta yau, sai ya gyaɗa kai, ya ce in sake. Yana da maganganunsa. "Mai gaggawa gashin tsuntsu shika gani, ba tsuntsu ba." In wani ya cika surutu a bakin ruwa ya ce, "Bakinka ya kore abin da idonka ya zo nema." Farkon kaka ya fi so a duk shekara, domin a lokacin ne masu tafiya da masu zuwa suke haɗuwa. Ƙananan tsuntsaye masu siraran ƙafafu sukan sauka a bakin laka a gajiye, ba wanda ya san sunansu. Ya ce waɗannan daga bayan hamada suke, a bar su su huta, baƙon da ya ƙetare Sahara ba a tambayarsa sunansa sai ya ci abinci.

Wata shekara gauraka biyu suka sauka a tsibirin tsakiya. Ya ce rabonsa da ganinsu tun kafin a yi wa mahaifiyata aure. Suka buɗe fikafikai suka shiga tsalle suna rausaya, tukkunsu na zinariya yana walƙiya. Na waiwaya in ce masa ya gani, sai na tarar ya yar da sanda, ya kama gefen rigarsa, yana tsalle shi ma. Dattijo mai furfura! Masunta suna ta ihu daga kan gora: "Malam, a yi a hankali da gwiwa!"

Da Inna kuwa rigimarsu guda ce, kuma kowace damina sai an yi ta. Akwai tsamiya a tsakar gidan, shamuwa suna sheƙa a kai. Inna ta shanya kuɓewa, su ɓata mata. Ta ce a sare reshen. Ya ce baƙi ne. Ta ce, "Baƙon da ka kashi cikin miya, wane irin baƙo na?" Ya ce, "Irin wanda ka zuwa da ruwan sama." A ƙarshe shi ya kafa mata rumfar shanya a bayan ɗaki, reshen kuma yana nan har yau.

Shekara huɗu da suka wuce na gane idonsa ya tafi. Muna zaune ya nuna wani abu fari a cikin ciyawa ya ce balbela ce. Leda ce ta maƙale. Na yi shiru. Ya ji shirun nawa, ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe. Ya ce an kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, amma ya dawo ya ce wa mutanen gida lafiya lau. Ya ce haske da duhu kawai ya rage masa, sai hanyar tafki da ƙafarsa ta haddace.

"Daga yau ke ta idona. Tsakanina da ke sai Allah. Ba ni son a riƙa ja na da sanda ana ce mani sannu."

Haka muka shiga yi. In zauna a damansa, ɗan baya kaɗan, kaina a sunkuye kamar mai rubutu. In raɗa masa: dinya shida, gabas, kusa da gawo. Shi kuma ya ɗaga sanda ya faɗa da ƙarfi don masu wucewa su ji. Da yawa ma da kunne yake gane su kafin in buɗe baki. Shamuwa ce kawai ta gagare shi, domin ba ta cika kuka ba. Kawuna ya sayo mini wani tsohon madubin hangen nesa a kasuwar Ƙwanni, ido ɗaya a tsage. Baba Tsoho ya shafa shi ya ce, "To, amarya ta yi ido huɗu, ni na yi shida." Ina jin daɗin aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ni da ba na iya ɗaga murya a aji, ga shi maganata tana zagaya gari a bakin wani.

Sai wannan safiyar. Saura kwana biyu in koma makaranta, kuma raina ya ƙwallafa in ga taron kafin in tafi. Muna isa na hango gaɓar gabas ta yi baƙi ƙirin da tsuntsaye, ɗaruruwa, tsaye cik. Rana tana fitowa daga bayansu, tana dukan idona. Ko madubin ban ɗaga ba.

"Baba, sun taru! Sun taru!"

"Cikinsu hwari na?"

Tambaya guda ya yi mini. Ban ga cikinsu ba. Na ce, "Hwari na."

Na duba agogo na rubuta. Amalanken jaki yana wucewa da manoma uku a kai. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga sanda, ya yi kiran da yake yi kowace shekara: "Jama'a, shamuwa sun yi sallama! A sa lauje!" Suka amsa da murna, suka kaɗa jaki.

Bayan minti takwas garken ya tashi. Suka juyo ta kanmu, na ɗaga madubin. Baƙaƙe ne har ciki. Wasu tsuntsaye ne masu kama da shamuwa daga nesa, masu cin dodon koɗi, waɗanda bakinsu ba ya rufuwa duka. Amalanken bai yi nisa ba. Da na ruga da na cim masa. Da na taɓa hannun Baba Tsoho na ce na yi kuskure, da ya aika a mayar da magana. Kunya ta ɗaure mini harshe. Na ce a raina wataƙila ruwan ya ɗauke duk da haka. Na rufe littafin muka koma gida, yana ta raha.

Kwana huɗu bayan nan, ina makaranta, mahaifiyata ta kira ni a waya. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi har la'asar. Harawar rabin gari tana baje a gona. Ta ce Baba Tsoho ya bi gida gida yana ba da haƙuri, ya raba karan dawarsa duka, ya kuma ce duk mai dabba ya kai ta fadamarsa ta yi kiwo. Ta ce mutane suna cewa tsufa ya fara taɓa idon Malam.

Da na dawo hutu na same shi a gindin tsamiya, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya yi murmushi.

"Na sani. Muryarki ta yi sauri ranar nan. Ni ma na yi gaggawa, da na ce ki sake dubawa."

Na ce to zan gaya wa kawu, kawu ya gaya wa mutane, a daina ɗora masa. Nan fuskarsa ta sauya. Ban taɓa ganin fushinsa ba sai ranar.

"Ki ce masu mi? Ki ce Malam makaho na, jikanya tai ka raɗa mashi? Gara a ce na gani ba daidai ba, da a ce ban gani ba. In kin buɗe baki kin tsone mani ɗan abin da ya rage."

"Amma Baba, suna maka dariya."

"Da ni suka dariya, ba da ke ba. Ina ruwanki?"

Na ce ba adalci ba ne. Ya ce yaushe aka naɗa ni alƙali, ai zalɓe bai mutu ba. Na fashe da kuka, shi kuma ya ƙi lallashi sai da na yi alkawari. Kwana uku ba na zuwa gaishe shi sai daga nesa. A rana ta huɗu da safe na ji fiton kirinjijiya a ƙofar ɗakin Inna. Na leƙo, ga shi tsaye da sandarsa, fuska a murtuke, wai shi ba shi ya yi ba. Na ɗauko littafina muka tafi.

Bara mun faɗa daidai. Na duba har sau uku kafin in raɗa masa. Duk da haka wasu sai da suka ƙara kwana biyar kafin su yanka. Ya ji labari, ya yi dariya, amma a hanyar gida ko tsuntsu ɗaya bai nuna da sanda ba.

Bana zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda. Ranar Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Da safen ranar na shiga gaishe shi, ya ce, "Amarya, ba su taru ba?" Na ce tukuna. Ya ce, "To a jira." Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a gidan da ya fi wannan.

A kwana na shida da rasuwarsa na kasa zama. Bayan an idar da sallar asuba gari ya waye, na ɗauki madubin na fita ni kaɗai. Tun kafin in kai na ga sama tana motsi. Suna sauka! Daga arewa, daga yamma, biyar biyar, goma goma, ƙafafu a miƙe, suna dira a gaɓa. Na zagaya ta cikin laka har sai da rana ta koma bayana, na duba cikinsu. Fari. Na matsa wajen gawo na sake dubawa. Fari. Na hau tudun masunta na duba na uku. Fari tas, kowace ɗaya, da jan gwiwa da shuɗin fuska. Na fara ƙirga, na kai ɗari huɗu, na ɓace, na bari. Ban taɓa ganin taro mai yawan wannan ba. Da rana ta yi ɗumi sai ta gaba ta buɗe fiffike, sai gaɓar duka ta ɗaga. Suka yi ta hawa suna kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba, kamar hayaƙi, har wuyana ya gaji. Na ji kaina ina cewa da ƙarfi, "Sun tashi! Sun tashi!" Ba kowa a haguna.

Na dawo gida da gudu, laka har gwiwa. A bakin ƙofa na tsaya cik. Wa zan faɗa wa? Wake ya nuna a gonaki, ganye ya fara rawaya, kowa yana jira. In na yi shiru za a yi asara. In na je na ce shamuwa sun taru, za a ce ke a wa, yaushe kika san wannan? Kuma amsar ita ce abin da na yi alkawarin rufewa.

Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na zazzage mata duka: ledar da ya kira balbela, raɗar da nake yi masa, ƙaryar da na yi ranar, alkawarin, da abin da na gani yanzu. Na ce, "Inna, in hwaɗa in tona mashi asiri, ko in yi shiru a ci gaba da yi mashi dariya har cikin kabari? Mi za ni yi?"

Ta dube ni, ta dubi lakar ƙafata a kan tabarmarta. Ta ja carbi har ta kai ƙarshen abin da take karantawa, ta shafa. Sannan ta ce:

"Ke da angon naki wautarku guda. Wane asiri? Kalmalo duk ta san ba shi gani, tun kahin ke ki sani. Wa kika zato ka kwashe ƙaya da duwatsu daga hanyar tabki kullum da sahe? Masunta na, bi da bi. Sun san ke ka raɗa mashi, sun san shekarar nan idonki na ya zame. Suna mashi tsiyar ya gani ba daidai ba don shi ji ana cewa shina gani. Kara ta anka yi mashi, ya kuwa tahi da mutunci nai. Share hawayenki. Kawunki sau ukku shina leƙowa yau shina tambaya ta ko kin tahi tabki, lauje nai tun shekaranjiya shike a wase. Wanke ƙahwarki, ja mayahinki, ki tahi bakin zaure ki hwaɗa masu."